Yadda Ake Shiga Ayarin Hawan Tsaunin Ama Dablam Daga Legas

Ama Dablam tsauni ne a yankin Khumbu na ƙasar Nepal, tsayinsa mita 6,812. Bai kama ƙafar Everest a tsayi ba, amma aikin igiya da kama dutse da ake yi a kansa ya fi na hanyar da akasarin masu hawan Everest ke bi. Mutum huɗu ne suka fara taka ƙololuwarsa a watan Maris na 1961, ta doron kudu maso yamma, kuma har gobe nan ce hanyar kusan kowane ayari. Mazaunin Legas yana farawa ne daga can ƙasa, domin garin daidai yake da teku, ba tudu ba sanyi. Kamfanoni da yawa za su karɓi kuɗinka ba tare da sun tsananta bincike a kanka ba, saboda haka tantance kai nauyi ne da ke wuyanka. In daga farko za ka soma, ware shekara biyu zuwa uku.

Asibiti tukuna

Kafin ka kashe ko sisi, je ka yi gwajin jinotayif, ko da ka taɓa yi lokacin aure. Mai sikila, wato SS ko SC, ba shi ba wannan tafiya. Mai AS kuwa, wanda kusan ɗaya cikin kowane 'yan Najeriya huɗu ne, lafiya lau yake a Legas, amma inda oksijin ya yi ƙaranci ƙwayoyin jininsa kan iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin. Jagororin Nepal ba su cika haɗuwa da wannan matsala ba, suna iya ɗauka ɓacin ciki ne. Mai AS ya zauna da likitan jini kafin ya yanke shawara, in kuma zai je ya sanar da shugaban ayari a rubuce.

A duba zuciya, hawan jini, suga da huhu. A ga likitan haƙori, don haƙorin da ke ɗan motsi a Agege zai hana ka barci a sansani. Sai zazzaɓin cizon sauro: mutum na iya barin Legas da ƙwayar cutar a jini, ta tashi bayan kwana goma yana can saman dutse, kowa ya zaci ciwon tsayi ne, wato rashin lafiyar da ƙarancin oksijin a saman dutse ke jawowa. Yi gwaji dab da tafiya, ka riƙe abin gwajin gaggawa da cikakken maganin zazzaɓi a jakarka.

Duwatsun da ake bi kafin a kai can

Abu uku ake nema, kuma ba dutse guda da ke koyar da su duka: sanin yadda jikinka ke yi a tsayi, iya tafiya a kan ƙanƙara, da iya igiya.

Na gida suna gina ƙafa ne kawai. Duwatsun Idanre a Ondo da Ado-Awaye a Oyo sun isa a je a ƙarshen mako. Chappal Waddi da ke Taraba, mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, kusan nan ne ma ciwon tsayi ke fara leƙowa. Gwajin farko na gaske shi ne Kilimanjaro a Tanzaniya, mita 5,895. Zaɓi hanyar kwana bakwai ko takwas, irin Lemosho, ka bar ta kwana biyar komai arharta, kuma ka nemi biza da wuri don ba a ba ɗan Najeriya ita a filin jirgi. Sai dai Kilimanjaro tafiyar ƙafa ce tun daga ƙasa har sama. Wanda ya hau shi ya ce ya shirya wa Ama Dablam yaudarar kansa yake yi.

Ƙanƙara da igiya sai an shiga makaranta. A Indiya akwai cibiyar koyon hawan tsauni ta Himalaya a Darjeeling, da ta Nehru a Uttarkashi, dukkansu suna da kwas ɗin farko na kimanin mako huɗu kuma suna karɓar baƙi. A nan Afirka, ƙololuwar Margherita a tsaunukan Rwenzori na Uganda, mita 5,109, tana da ƙanƙara da igiya, Nelion na Dutsen Kenya kuma, mita 5,188, hawan dutse ne zalla da hannu da ƙafa. Daga nan sai tsauni mai mita dubu shida a Nepal ɗin kanta, kamar Lobuche ta Gabas mai mita 6,119. Yawancin kamfanonin kirki ba sa sauraronka sai ka nuna irin wannan.

Atisaye a garin da ba tudu

Matakalar bene ita ce tsauninka. Hawa ɗaya na bene kusan mita uku ne, mai hawa goma ke nan mita talatin. Don ka haɗa mita 1,000 a zama ɗaya sai ka hau shi sau 33. Abin da ake so ka kai ke nan kafin tafiya, da jakar goyo a baya. Fara da kilo takwas, ka riƙa ƙarawa a hankali har sha biyar zuwa sha takwas. Gorunan ruwa sun fi dutse ko yashi daɗin yin nauyi, saboda ana iya zubarwa in gwiwa ta fara ƙorafi. Kada ka riƙa sauka da lif kullum. Saukowa aiki ne na daban ga cinya, kuma a can babu lif.

Kwana huɗu zuwa biyar a mako: biyu na matakala, ɗaya ko biyu na gudu a hankali, ɗaya na ƙarfafa cinya, baya da damtse. A ƙarshen mako a yi doguwar tafiya ta awa biyar ko shida da kaya, yashin bakin teku ya fi kwalta amfani. Bayan Asuba ne lokacin, kafin rana da cunkoso. Juriyar zafin Legas ba ta saba wa jiki da tsayi, haka ma takunkumin nan da wasu ke sawa a wurin motsa jiki: wahalar da numfashi kawai yake yi, bai rage oksijin ɗin da ke cikin iska ba.

Kamfani da kuɗi

Ba a hawan Ama Dablam sai da izinin sashen yawon buɗe ido na gwamnatin Nepal, kuma ta hannun kamfanin da ke da rajista a ƙasar ake samunsa. Lokaci biyu ne: Afrilu zuwa Mayu, da Oktoba zuwa Nuwamba, na biyun ya fi cika. Tafiyar kan ɗauki mako huɗu zuwa biyar. Farashi yana farawa daga 'yan dubban daloli a kamfanonin Nepal, ya haura dubu goma a na Turai da Amurka, ban da jirgi, kaya, inshora da tukuicin Sherpa, wato mutanen yankin da ke yi wa masu hawa jagora da dakon kaya.

Kada farashi ya zama tambayarka ta farko. Tambaye su: Sherpa nawa ga mai hawa nawa? A ranar ƙololuwa ɗaya ga ɗaya ake so. Shugaban ayarin yana da shaidar IFMGA, wato ƙungiyar jagororin tsauni ta duniya? Sau nawa Sherpan da za a haɗa ku ya hau wannan tsauni? Akwai oksijin na gaggawa da wayar tauraron ɗan adam? Shin suna kwana a sansani na uku, wanda ke kusa da ƙatuwar ƙanƙarar da ke rataye a fuskar tsaunin? Akwai kundin tarihi mai suna Himalayan Database, wanda 'yar jarida Elizabeth Hawley ta kafa tubalinsa, ana iya duba sunan jagora a ciki a gane ko da gaske ya hau. Babbar alama kuma ita ce su ma su yi maka tambayoyi. Kamfanin da ya turo lambar asusu bai tambayi inda ka taɓa hawa ba, ka kama gabanka.

Kafin alƙalami ka biya shi ta asusun dala, kai tsaye zuwa asusun kamfani mai ɗauke da sunansa, ba na wani mutum ba. Kuɗin hannu kuwa, ka ce wa ɗan canjinka sabbin takardu kake so, marasa rubutu ko yagewa.

Inshora ta faɗa ƙarara cewa ta haɗa da hawan tsauni da igiya har mita 7,000, da ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu, kuma tana karɓar mazaunin Najeriya. Inshorar tafiya da ake yi don neman biza ba ta ɗauke da ko ɗaya daga ciki.

Biza

Nan ne masu koren fasfo ke tuntuɓe. Nepal tana ba mafi yawan ƙasashe biza a filin jirgin Kathmandu, amma Najeriya na cikin waɗanda ba a ba su. Dole a samo ta tun kafin a tashi, daga ofishin jakadancin Nepal, kuma a Afirka a Alƙahira da Pretoria suke. Sa kamfanin ya ba ka wasiƙar gayyata da tsarin tafiya, ka fara nema da watanni, kar ka yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Nemi wadda kwanakinta suka wuce na tafiyar, don yanayi kan jinkirta komai. Riƙe katin rigakafin shawara. Daga filin jirgin Murtala Muhammed ana bi ta Doha, Dubai ko Istanbul. Agogon Nepal yana gaban na Legas da awa huɗu da minti arba'in da biyar.

Kaya

Gwanjon Yaba da Katangowa za su ba ka rigunan ulu, wandunan tafiya da hular sanyi masu kyau in kana da haƙurin tonawa. Guji auduga, tana riƙe gumi ta daskare a jiki. Amma duk abin da ranka zai rataya a kansa sabo ake saye, daga dillali sananne: ɗamarar hawa, karabina (zoben ƙarfe mai baki da ake maƙalawa a igiya), jumar (ƙarfen riƙe igiya wajen hawa), ƙarfen saukar igiya, hular kwano. Unguwar Thamel a Kathmandu cike take da shagunan kaya, na gaske da jabu a jere, sai ka tafi da wani daga kamfanin. A can ne kuma ake hayar buhun barci mai jure sanyin digiri 30 ƙasa da sifiri da babbar rigar gashin tsuntsu.

Takalmi ba a hayarsa in da hali. Mai ciki biyu ake buƙata, irin La Sportiva G2 ko Scarpa Phantom 6000, wanda ya fi ƙafarka da lamba ɗaya, yadda yatsu za su motsa da safa mai kauri. Takalmi mai matsewa yana tsayar da jini, daga nan yatsu ke daskarewa. Gwada kiramfon, wato ƙarfen ƙayar da ake ɗaurawa a tafin takalmi, tun a otal, ka daidaita tsawonsa. Safar hannu kashi uku: siririya, mai kauri ta aiki, da babbar kumbo mara yatsu, kowace da igiyar da ke riƙe ta a wuyan hannu. Tabarau na mataki na huɗu, wato mafi duhu wajen kare ido daga hasken rana, guda biyu. Man kare rana mai lamba 50, domin baƙar fata ma tana ƙonewa a can, leɓe da ƙasan hanci sun fi shan wuya. Fitilar goshi biyu da batirin lithium.

Hanya da sabawa da tsayi

Daga Kathmandu, ko daga Ramechhap a lokacin cikowa, ƙaramin jirgi zai kai ku Lukla, kimanin mita 2,860. Kilo goma sha biyar ake yarda wa fasinja, sauran kaya kamfani ke turawa daban. Gajimare na hana jirgin tashi kwana da kwanaki, sai ka bar rarar kwana biyu ko uku a tikitin komawa. Daga Lukla ƙafa ce: Phakding, Namche Bazaar a mita 3,440 inda ake kwana biyu, Tengboche, Pangboche, sannan babban sansani a wajen mita 4,600.

Oksijin ɗin cikin iska kashi 21 ne a ko'ina. Nauyin iskar ne ke raguwa, har a mita 5,500 ya koma kusan rabin na Legas, kowane numfashi ya kawo rabin abin da jiki ya saba. Ƙa'idar ita ce daga mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana, kuma a huta kwana ɗaya bayan kowane uku ko huɗu. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum, hasali ma majiya ƙarfi ne ke saurin wuce gona da iri. A sha ruwa lita uku zuwa huɗu.

Ciwon kai, tashin zuciya da kasala su ne matakin farko. Mai su ba ya ƙara hawa sai sun tafi. Biyu ne masu kisa. Idan ruwa ya taru a huhu, mutum yana haki ko yana zaune, da tari mai jiƙa. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura, yana tangaɗi, magana na sarƙewa, ba ya iya tafiya a miƙe in an ce ya sa diddige a gaban yatsu. Maganin duka biyun sauka ne nan take, ko da tsakar dare, aƙalla mita 300 zuwa 1,000, kuma ba shi kaɗai ba. Nifedipine ga huhu da dexamethasone ga ƙwaƙwalwa suna taimakawa ne a samu a sauko, ba don a ci gaba ba. Acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, ana shan miligiram 125 sau biyu a rana don rigakafi, da iznin likita. Gwada shi a gida tukuna: yana sa yawan fitsari da tsikarar yatsu. A Pheriche, kusa da hanyar, akwai ƙaramin asibitin masu hawa a lokacin aiki.

Wani abu da ya shafe mu: na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin takan nuna lamba sama da gaskiya a kan baƙar fata. In jikinka na cewa ba lafiya, lambar na cewa lafiya, bi jikinka.

Salla da abinci

Alƙibla a Nepal yamma take. Tambayi malaminka hukuncin taimama, ƙasaru da haɗa salloli kafin ka tashi, domin jiƙa hannu da ƙafa a sansanonin sama kiran daskarewa ne. Duba kalanda kada lokacin ya faɗa a azumi. A babban sansani Sherpa kan yi addu'arsu ta addinin Buda kafin a taɓa dutsen. Ka gaya wa shugaban ayari cikin ladabi cewa ba za ka shiga ba, ka tsaya gefe, ba mai jin haushi. Ba a yanka dabba a Khumbu, naman da kake gani daga ƙasa aka goyo shi kwana da kwanaki ba firji, barinsa ya fi alheri ko ba don batun halal ba. Shinkafa da miyar wake da suke kira dal bhat, ƙwai da dankali sun wadatar. Tafi da dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da yaji, don a tsayi baki kan ƙi baƙon abinci.

A kan igiya

Daga babban sansani ana hawa a dawo sau ɗaya ko biyu don jiki ya saba: a kwana a sansani na ɗaya, wajen mita 5,700, a taɓa na biyu, a sauko a huta. Daga na ɗaya zuwa sama kusan duk hanyar igiya ce da aka riga aka kafa, an ɗaure ta a turaku nan da can.

Daga ɗamararka igiyoyi gajeru biyu ke fita. Ɗaya na ɗauke da jumar, ƙarfe mai haƙora da ke zamewa sama amma ya cije in an ja shi ƙasa. Ɗayar na ɗauke da karabinar tsaro, wadda ke tafiya a kan igiyar a gaban jumar. Idan ka iso turke, tsaya ka kafa ƙafa. Cire karabinar tsaro ka maƙala ta a igiyar da ke sama da turken, ka tabbatar bakinta ya rufe. Sannan ne za ka cire jumar ka mayar sama. Ba a taɓa cire su biyun lokaci guda, ko da wurin ya yi kama da fili. Za ka yi wannan sau ɗaruruwa, da safar hannu mai kauri, cikin duhu, kana haki. Don haka a koye shi tun a Legas: ɗaura igiya a ƙarfen matakala, ka sa safar, ka maimaita har hannu ya daina jiran kai.

A turaku da yawa za ka tarar da igiya uku ko huɗu, wasu na bara da rana ta cinye. Tambayi launin ta bana tun a ƙasa. Mutum ɗaya ne ke rataya tsakanin turke da turke. Idan igiya ta yi ƙanƙara haƙoran jumar kan cika su daina cizo, sai a kankare su kafin a dogara da shi. Kuma da ƙafa ake hawa, jumar riƙo ne kawai. Mai jan kansa da hannu damtsensa zai mutu kafin rabin hanya.

Dab da sansani na biyu akwai bangon da ake kira Hasumiyar Rawaya, dutse ne kusan a tsaye. Nan ake gane wanda ya koyi hawan dutse da wanda bai koya ba, nan kuma layi ke taruwa. Sansanin kansa, wajen mita 6,000, 'yar ƙaramar kafa ce a kan doro mai ɗaukar tantuna kaɗan, rami ta ko'ina, har fita bayan gida sai a ɗaure. Sama da shi akwai Hasumiyar Toka, inda duwatsu ke gangarowa daga ƙafafun na gaba, sai siririn doron ƙanƙara. Sansani na uku, wajen mita 6,300, yana kusa da Dablam ɗin kanta, wato ƙatuwar ƙanƙarar da ke rataye a fuskar tsaunin. A Nuwamban 2006 wani ɓangarenta ya ɓalle ya share sansanin, mutum shida suka rasu. Tun daga nan ayari da yawa ke tashi daga na biyu kai tsaye zuwa ƙololuwa, ranar ta yi tsawo amma a rage zama a ƙarƙashin ƙanƙarar.

Ranar ƙololuwa da saukowa

Ana tashi cikin dare. Ruwa a gora biyu a cikin riga, ba a jaka ba, in ba haka ba ya daskare. Waya da batiri ma a jiki. Tun a tanti ku yanke lokacin juyawa kai da Sherpa, in ya cika a juya ko da ana hangen saman. Riƙa motsa yatsun ƙafa. Yatsan da ya daina ciwo, ya yi tauri, ya koma fari-fari ko ruwan toka, ya fara daskarewa. Kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta, a sa shi a hammata a sauka.

Saukowa ta fi cin mutane, saboda gajiya da sakin jiki. A wurare masu tsayuwa ana sauka ne da ƙarfen saukar igiya. A kowane turke, maƙala karabinar tsaro tukuna, zura igiyar a ƙarfen, ɗora nauyinka a kai ka ji ya riƙe, sannan ka mayar da tsaron kan igiyar da za ka bi. Za ka ga Sherpa suna naɗe igiya a hannu suna gangarawa da sauri. Shekaru suka yi suna yi, kai dai yi amfani da ƙarfenka duk inda ka ji shakka, ko na baya na gunaguni. Ci wani abu ka sha ruwa a sansani na biyu, in da sauran ƙarfi da haske a ƙarasa na ɗaya.

Yatsan da ya daskare ba a narkar da shi sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba, kuma da ruwa mai ɗumin jiki ake yi, digiri 37 zuwa 39. A nuna wa likita a Kathmandu kafin a hau jirgin gida, domin can ne suka saba ganinsa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo bayan doguwar tafiyar jirgi, ko numfashi ya ƙi daidaita bayan an iso Legas, a tafi asibiti a ranar, a faɗa wa likita tsayin da aka kai da magungunan da aka sha.